Sarkin Ruwa da Turakun Siminti

An yi wani Sarkin Ruwa a wani ƙauye cikin fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke tsinkewa rassa-rassa, su bazu tsakanin jigayi, kafin su tattaru su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. Dogon tsoho ne, ba shi da yawan magana. Ya gaji sarautar wurin ubansa, uban kuma wurin nasa uban. Sarauta ce wadda ba ta da albashi, ba ta da doki, ba ta da makaɗi. Aikinta ɗaya ne. Duk shekara idan ruwa ya gama cika ya tsaya, Sarkin Ruwa zai je bakin tafki guda ya kafa sanda, ya ƙulla kaba a kanta. Daga wannan rana ba mai jefa birgi, ba mai kafa mali, ba mai shiga da koma, sai bazara ta raba tsakiya ya je ya kwance kabar da hannunsa, a yi shela, gari ya fita su.

Tun tasowarsa tafkin da ake ƙulla wa kaba shi ne wanda ake kira tafkin giyayya, saboda itatuwan da suka kewaye shi. Nan tarwaɗa da karfasa da bargi suke samun sararin girma. Da yake kuma ana wata biyar ko shida ba mai taka wurin, tsuntsaye suka mai da shi gida: dinya, dani, ƙirinjijiya, da gauraka jefi-jefi. In hunturu ya kama sai baƙi su sauka, ƙananan agwagi da wasu masu dogayen ƙafafu, waɗanda ba wanda ya taɓa ganin sheƙarsu ko ƙwansu a ƙasar. Su ci su yi ƙiba, kafin zafi ya tsananta a wayi gari babu su.

Sarkin Ruwan nan yana saurayi aka yi farin 1973. Shekara na zagayowa, a 1974, aka tsare kogin Kano da madatsar Tiga. Bayan shekara goma wani farin ya sake sauka, na 1984, masunta da yawa suka rataye koma suka tafi ci-rani. Ruwan da a ƙarshen shekarun 1960 yake rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000, ya dawo bai kai 1,000 ba. Can Turai kuma masu ƙidayar tsuntsaye sun riga sun lura cewa duk shekarar da aka yi fari a kudu da Sahara, tsuntsayen da ke komawa wurinsu raguwa suke yi. Saboda haka a 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗejiya da Nguru, Turawa da 'yan ƙasa suka riƙa yawo a kwalekwale da madubin hangen nesa. Har mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin sai da ya zo Dagona kallon tsuntsaye a 1989.

Cikin wannan zamani ne wasu ma'aikata suka iso ƙauyen, suka tambayi Sarkin Ruwa na lokacin, wato uban wannan, inda tsuntsaye suka fi sauka. Mutum ne mai karamci, ya ɗauke su a jirginsa ya kai su tafkin giyayya. Suka duba, suka yi ta mamaki, suka yi godiya suka tafi. Ba a daɗe ba mota ta zo da siminti. Aka kewaye tafkin da turaku, aka kafa allo, aka zagaye wurin da jan layi a taswira, aka ajiye malamin daji. Aka ce daga yau ba su, ba kiwo, ba yankan kaba, rani da damina. Tsohon ya ce ai dama a rufe yake, buɗewar ta kwana biyu ce kawai a shekara. Aka ce masa takarda ba ta san buɗewa ba. Har ya koma ga Allah, in mutanen garin suna son ɓata masa rai, sai su tambaye shi ko akwai sauran baƙin da zai kai yawo.

Ɗan ya gaji sanda da kaba, amma babban tafki ya zama na hukuma, sai ya riƙa lallaɓawa da ƙananan kududdufai. Ana nan aka gama madatsar Challawa a 1992, kogi ya ƙara sake hali. Da can sau ɗaya yake zuwa a shekara, da ƙarfinsa, ya share hanyarsa, da rani kuma ya ƙafe, rana da shanu su gama da duk abin da ya tsiro a cikinsa. Yanzu sai ya zama ana sako shi kaɗan-kaɗan ba rani ba damina, ba shi da ƙarfin shara, ba ya kuma ƙafewa. Abin da kachala ke so ke nan. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tare laka, laka ta toshe bakin rafuka. Ruwa ya rasa hanya, ya karkata ta Marma ya je ya kwanta kan gonakin mutane ta wajen Nguru, alhali wasu rassan irin su Burum Gana suna ƙafewa. Jan-baki kuma ya samu masauki cikin kachalar, daga nan yake tashi da sassafe ya faɗa wa shinkafa da gero.

Sama ma ba ta tsaya yadda aka san ta ba. Ruwan da ya ɗauke a shekarun fari ya dawo, amma ba da halin da ya tafi da shi ba. Sai ya makara, in an yi shuka ya ɗauke sati uku, sa'an nan ya juye na wata guda cikin dare biyu. Zafin Afrilu da Mayu kuwa ya riƙa shanye ƙananan tafkuna tun lokacinsu bai yi ba.

Sannu a hankali rafin da ke shayar da tafkin giyayya ya toshe. Rabin tafkin ya zama kachala, rabi ya zama fako ya tsattsage. Giyayyun suka soma bushewa daga sama. Turaku dai suna nan daram, lokaci-lokaci ma ana shafa musu farin fenti.

Malaman daji sun zo sun wuce, har aka kawo wani matashi da ya yi karatun gandun daji a birni. Ya zo da babur, da madubin hangen nesa, da taswira a cikin leda. Yaro ne mai ladabi, yana durƙusawa ya gai da manya, yana sallar asuba a jam'i. Aibinsa guda, a wurin mutanen garin: ba ya karɓar na goro. Wata tsohuwa ta shiga tsakanin turaku ta yanki kabar tabarma, ya karɓe laujen. Saniyar wani yaron Ardo ta ƙetare layi tana neman inuwa, ya sa aka biya tara, ya kuma ba da rasit. Safe da yamma yana zagaya fakon nan a kan babur, kamar mai gadin rumbun da gara ta riga ta cinye. A tsakiyar Janairu, lokacin da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya baki ɗaya, sai ya hau tudu da littafinsa tun asuba, ya rubuta 'yan balbelun da ya gani, ya bar sauran shafin fari. Jan-baki kam bai ƙirgu ba, kuma ba shi aka ce ya ƙirga ba.

A daminar 2020 aka yi ambaliya a ƙasar Haɗejiya, gidaje suka faɗi, gonaki suka nutse. Cikin dare ɗaya kogi ya fasa gaɓa, ya bi wata tsohuwar hanya da ta mutu tun kafin a haifi yawancin mutanen garin, ya gangara gabas ya kwanta a wani kwari. Kwarin nan kuwa gadon gidan Sarkin Ruwa ne, shekara da shekaru gero 'ya'yansa ke nomawa a ciki. Aka yi masa jaje. Ambaliyar 2022, wadda ta fi ta farko, ta zo ta ƙara yashe hanyar, ruwa ya zauna sosai. Bado ya fito, roba ta fito, kifi ya shigo ya yi ƙwai. Da hunturu ya kama sai ga baƙin nan sun sauka, har ƙirinjijiya ta hana masu kwana a bukkokin gona barci.

Ba wanda ya tara mutane ya ce a yi shiru, amma kowa ya yi. Babur ba ya zuwa wurin, sai jirgi, kuma duk ranar da malamin daji ya nemi jirgi, sai a tarar ko yana yoyo ko mai shi ya tafi ta'aziyya. 'Ya'yan Sarki suka gina banda uku. Kwalayen kifi suka riƙa fita zuwa kasuwar Nguru da ta Gashuwa. Babban ɗan ya ci bashin injin jirgi, aka sa ranar auren autar gidan. Amma abin da aka ɓoye wa mutum ɗaya, kasuwa ta ji shi. Baƙin masunta suka fara zuwa da dare, wasu da gidan sauro suke jan ruwa, wasu maganin ƙwari suke tsiyayawa su kwashe abin da ya taso. Maharba suka biyo baya da bindigar toka. Ba a iya kai ƙara, don kai ƙara faɗin wurin ne.

Wani dare cikin kaka, bayan lisha, malamin daji ya yi sallama a zauren Sarkin Ruwa. Suka gaisa, ya zauna gefen tabarma ya yi shiru har tsoho ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce takarda ce ta zo daga hedikwata, an ce kowane malami ya rubuto tsarin da za a bi na shekara goma masu zuwa, ya kuma bayyana dalilin da ya sa tsuntsaye suka ƙare a hannunsa. Ya ce shi abin da ya rubuta ya zuwa yanzu shi ne a ƙaro masu gadi biyu, a kewaye wurin da waya mai ƙaya, amma ya karanta ya ji kunya, don ya san ba ɓarawo ne ya ɗauki ruwan ba.

Tsoho ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin madara, ya zazzage a tafin hannu. 'Yan zobban ƙarfe ne, waɗanda ubansa ya riƙa karɓa wurin maharba daga ƙafafun tsuntsaye. Malamin ya haska da fitilar waya, ya karanta masa sunayen wasu garuruwan Turai da lambobi. Ya ce waɗannan halittu teku suke ƙetarewa, su ƙetare Sahara, kuma in sun sauko ruwan farko da za su samu mai abinci shi ne irin na fadamun nan. Wanda bai ƙoshi a nan ba, ba zai kai gida ya yi ƙwai ba. Sa'an nan ya dubi tsoho ya ce, “Baba, kullum da magariba ina ganinsu suna wucewa ta kaina sun yi gabas. Don Allah ina suke sauka?”

Sarkin Ruwa ya mai da zobban cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Ya ce tsuntsu mai fiffike ne, wa ya isa ya ce ga inda ya nufa. Amma ya dawo ranar Asabar, in Allah ya kai mu, mai yiwuwa tsufa ya sake shi ya tuna wani abu.

Baƙo bai gama tayar da babur ba babban ɗan ya shigo, ashe yana bayan zana. Ya durƙusa ya ce, “Baba, kaka sau ɗaya ya kai baƙi yawo, yau shekara talatin da ɗoriya muna biya.” Ya tuna masa da bashin inji, ya tuna masa da kayan ɗakin ƙanwarsa. Ya ce Allah ne ya dubi gidan nan ya aiko da ruwa har cikin gonarsu, wanda ya kai wa hukuma kyautar Allah kuwa, shi ya san amsar da zai bayar. Tsoho ya ce ya ji, ya je ya kwanta.

Da gari ya waye ya je gaida Bulama, ya ɗan ɓantaro masa zancen. Bulama ya gyara zama, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin an ce akwai ruwa a gabas ba. Duk abin da Sarki ya yanke daidai ne, amma a riƙa tunawa shi bai ce komai ba. Daga nan tsoho ya bi ta ruga. Ardo ya ce shi duk inda aka kafa siminti saniyarsa ta yi sallama da wurin, wannan ya sani. Amma kuma satin da ya wuce maruƙansa biyu sun sha ruwan kwarin da safe, kafin azahar sun mutu, kuma ba siminti ne ya kashe su ba.

Uwargida ba ta sa baki ba sai da ta kawo tuwon dare. Ita ke kula da banda, ita ta san abin da ke hawa kanta. Ta ajiye akushi ta ce, “Malam, bara da hannu biyu nake juya tarwaɗa, bana da ludayi nake kwasa.” Ya ce auren yarinya fa? Ta ce ita da aka kawo ta gidan nan da tabarma biyu da ƙwarya shida aka kawo ta, ga ta nan har yau ba ta koma ba.

Ranar Alhamis tun kafin kiran assalatu ya ɗauki ƙaramin jirgi shi kaɗai ya yi gabas. Yana tuƙi yana tuna wata rana da ubansa ya zaga da shi yana yaro, ya nuna masa wuraren da kakanni suka taɓa ƙulla wa kaba kafin tafkin giyayya. Na farko yanzu nan ake ɗaure awaki ranar kasuwa. Na biyu jigawa ce, rairayi ya binne shi. Ashe ruwa bai taɓa yin alkawarin zama wuri ɗaya ba. Bambancin kawai, a da sai mutum ya yi jika kafin ruwa ya tashi daga inda ya san shi, yanzu kuwa damina uku ta isa.

Gari na wayewa ya isa kwarin. Ya ga guntayen gidan sauro sun maƙale a jikin roba. Ya ga 'ya'yan karfasa da ba su kai yatsa ba an watsar a gaɓa, ƙuda na bi. Ya ga gashin dinya inda aka fige ta. Ya kuma ga cewa duk da haka wurin da ransa, don yana buga gefen jirgi sai da sama ta yi duhu da tsuntsaye. Ya zauna ya yi lissafinsa. In ya faɗa, siminti zai zo, ya zama shi ma ya kai baƙi yawo, jikokinsa su gaji gorin. In ya yi shiru, nan da shekara biyu ba sauran abin ɓoyewa, kifi ya ƙare, tsuntsu ya tashi, a bar shi da bashin inji. Ya juya ta nan, ya juya ta can, duk hanyar da ya bi sai ta dawo da shi ga abin da ba ya son dubawa. Shekara uku ke nan yana zuwa wani kududdufi a bayan gari, wanda ko kwaɗo ya raina, yana ƙulla masa kaba don kada a ce ya bar al'ada. Ya san sarai inda ya kamata sandar ta tsaya, bai kafa ta can ba don wurin nasa ne. Sau nawa ya zauna cikin dattawa ana dariyar yaron nan mai gadin fako, har shi ma yana murmushi.

Ya daɗe a nan har rana ta take. Da zai juyo ya ratse gindin wata goriba ya yanki kaba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ce wa mai shela ya tsai da mutane. Ya miƙe ya ce ruwa ya tsaya, lokacin rufi ya yi, kuma bana kwarin gabas ya rufe, daga bakin sabon rafi har gindin kanya. Ya ce duk wanda aka gani da birgi ko mali ko bindiga a wurin, ɗan gari ne ko baƙo, ɗan gidansa ne ko na wani, hukuncin da kakanni suka sani shi za a yi masa: a karɓe kayan, ranar su kuma ya tsaya a tudu yana kallo. Wuri ya yi tsit. Wani ya ce ai gonarsa ce. Ya ce shi ya sa bai nemi izinin kowa ba. Bulama ya ga inda iska ta kaɗa, ya tashi ya yi jawabi mai tsawo, ya ce irin wannan dattaku sai gidan sarauta, kuma shi dama ra'ayinsa ke nan tun farko. Kafin la'asar sanda ta tsaya, samarin gari sun raba kwanan gadi, tun da yanzu akwai abin da za a iya tsarewa a fili.

Asabar da asuba malamin daji ya zo, ya tarar da jirgi a shirye, ba ya yoyo. Suka tafi su huɗu, da Ardo da wakilin Bulama. Da suka fita daga cikin kachala kwarin ya buɗe a gabansu, yaron ya ɗaga madubi ya sauke, ya sake ɗagawa ya sauke, ya rasa ta inda zai fara. Can ya laluba jaka ya fito da na'urar da ke karanta wuri daga tauraron ɗan'adam, da taswira, da jan biro.

Tsoho ya dafa hannunsa. Ya ce, “Malam, ka ga sandar can? Na riga ka. Wurin a rufe yake tun jiya, ba abin da ya rage a ƙwace.” Ya ce in zai zana ya zana, amma da fensir, don ruwan nan baƙo ne a kwarin, ba wanda ya san ko baɗi nan zai kwana.

Malamin ya ce shi ba shi da ikon tumɓuke turke ko ɗaya, doka ce ta kafa su, sai doka. Tsoho ya ce wa ya ce a tumɓuke? A bar su inda suke. Ruwan da ya tuna hanyar da ya bari tun zamanin kakanni, ba abin mamaki ba ne wata rana ya tuna tafkin giyayya, kuma gara ya tarar ba a gina gidaje a ciki ba. Abin da suke so shi ne a taimaka masa ya tuna: gari zai yi gayya a yanke kachalar da ta toshe rafin, in malam zai daina karɓe lauje. Ardo ya ce in za a bar shanu su shiga fakon da rani su take saiwar kachala su ci ɗanyen tohonta, shi zai hana yaransa kusantar inda aka ƙulla kaba, a dai bar masa mashaya guda a gefe. Wakilin Bulama ya ce mata kuma a bar su da kabarsu, goriba ba ta mutuwa don an yanki ganye.

Suka zauna a jirgi suka ƙulla magana. Duk shekara in ruwa ya tsaya, su huɗun nan za su shiga jirgi ɗaya su bi shi su ga inda ya kwanta, inda kifi ya yi ƙwai, inda tsuntsu ya sauka, nan za a kafa sanda ko gonar wace ce. Wanda aka rufe wa wuri, shi ke da kason farko ranar su. Ba za a buɗe ba sai baƙin tsuntsaye sun tashi. Malamin ya ce zai rubuta haka a tsarin shekara goma, ya nemi izinin abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da bai fi ƙarfinsa ba kuwa, wato inda zai riƙa zagayawa da inda zai kau da kai, daga gobe ma an fara.

Ba a sha da daɗi ba. Babban ɗan ya yi fushi ya ɗauki injinsa ya tafi su wajen Gashuwa, sai da azumi ya kusa ya dawo. Aka ɗaura auren auta da gado ba madubi, dangin ango suka yi ta magana. An kama baƙin masunta sau biyu, na biyun har da fasa kai. Gayyar kachala kuwa ta ci mutane, ga kaifin ganye ga matsattsaku, kuma abin da aka yanke a wata guda rabinsa ya tsiro kafin damina. Amma a tsakiyar Janairu malamin daji ya cika littafinsa har ya nemi aron takarda wurin malamin makaranta. Da bazara ta raba tsakiya, baƙi sun tashi, tsoho ya kwance kaba. Uwargida ta koma juya tarwaɗa da hannu biyu, aka rage bashin inji, ko da yake ba a gama ba.

Damina ta sake zagayowa, ta zo da nata halin. Da ruwa ya tsaya mutum huɗu suka shiga jirgi. Kwarin gabas ya ja baya, rabinsa ya koma tabo. Suka bi ruwa, suka bi ruwa, sai ga shi ya yi kwana ya shimfiɗe a kudu, ƙirinjijiya na ta shawagi a kai. Wakilin Bulama ya soma tari, don fadamar shinkafar Bulama ce. Da labari ya isa gida Bulama ya ce a ganinsa wannan tsari yana bukatar a sake nazari, kada a yi gaggawa. Sarkin Ruwa bai yi musu ba. Ya aika aka kira mai shela, ya tambaye shi a gaban dattawa ko yana iya tuna jawabin da ranka ya daɗe ya yi bara a ƙofar masallaci. Mai shela kuwa irin mutanen nan ne da ba sa mantuwa, ya fara tun daga bisimilla. Bai kai rabi ba Bulama ya ce ya isa, a je a kafa, amma a bar shi ya yanke shinkafarsa tukuna. Aka ce wannan gaskiya ne, aka ba shi kwana goma.

Amsar hedikwata ta iso bayan wata takwas. An yaba da yawan tsuntsayen da malam ya ƙirga, an kuma tambaye shi dalilin da ya sa wurin da ya ƙirga su ba ya cikin jan layi. Game da iyakar da ke bin ruwa, an ce fom ɗin ba shi da gurbin irin wannan, amma an miƙa maganar gaba. Tare da wasiƙar aka aiko da buhunan siminti don gyaran turakun da suka tsage. Malamin ya sa hannu ya karɓa, ya gyara turakun, ya sake rubuta takardar neman izini ya aika, ya ajiye kwafi.

Mai karatu, idan kana cikin masu zama a ofisoshin da ake miƙa irin wannan magana gaba, takardar tana kan teburinka ko na maƙwabcinka. A duba ta kafin watan Oktoba, don a lokacin ruwa ke tsayawa, kuma masu jirgi ba za su jira ba.